Daga Ƙasar Mafara Zuwa Kurmin Bama

A zamanin yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945, Gwamnati ta nemi soja a Lardin Sakkwato ta hannun En'e. Hakiman Talata Mafara da Bakura da Maradun su ma umurnin ya iso musu. Wani saurayin da son ransa ya tafi, wani kuwa dagaci ne ya nuna shi, ya bar gero a gona ba mai yanka.

Daga Gusau jirgin ƙasa ke kwasar su zuwa Zariya, inda aka kafa barikin koyar da kurata tun 1924. Can ake aske wa kurtu kai, a ba shi lamba da kaki. Kafin gari ya waye ya fita fareti, Saje na daka masa tsawa, hagu, dama, har ƙafa ta saba. Daga nan sai harbi, da kwance bindiga a goge ta a mayar.

Amma abin da ya fisshe su a Bama, da shi suka zo daga gida. Runduna ta 81 ta shiga kwarin Kaladan a 1944, ƙasar duwatsu da kurmi, inda mota ba ta da hanya. Jirgin sama ke jefo abinci da harsashi, mutane su ɗora a ka, su yi ta hawa da gangara, kamar masu kai dami rumbu. Da haka suka kai Myohaung, suka haɗu da Runduna ta 82, Japanawa suka bar garin a Janairu 1945.