Tarihin yadda manhajar rauta ta shiga kwantena 🧵

1/ Jiya wani ƙanina ya ɗaga rautoci shida a kan laftof ɗinsa cikin minti biyu, har yana ƙorafin wai abin ya yi jinkiri. Dariya kawai na yi. Ni kwana biyu na taɓa yi ina fama kafin guda ɗaya ta tashi. Ku matso in ba ku labarin abin da ya faru a tsakani.

2/ Mu fara da rauta. Ita ce ke zaɓar hanyar da saƙonka zai bi a intanet. Da can sai dai ka sayi ƙarfe mai tsada, manhajarsa a kulle a ciki. A 1996 wani ɗan Jafan, Kunihiro Ishiguro, ya fara GNU Zebra, buɗaɗɗiyar manhaja da ke mayar da kwamfuta ta gama-gari ta zama rauta.

3/ Aikin Zebra ya lafa, sai wasu suka ɗauki tushenta suka ci gaba da sunan Quagga. Ita ma tafiya ta yi mata nauyi, gyare-gyare suka taru ba a karɓa da wuri. A watan Afrilun 2017 aka sanar da FRRouting, wato FRR, a ƙarƙashin Linux Foundation. Har yau akwai wani sashe a cikinta mai suna zebra. Sunan kaka bai ɓata ba.

4/ To a wancan zamanin, me ake nufi in aka ce an saki sabuwar siga? Tushen manhajar za a dunƙule a fayil guda a ajiye maka. Kai za ka sauke, ka nemo duk ƙananan manhajojin da ta dogara da su, ka harhaɗa da kanka. Kamar a ce ka zo sayen tuwo a miƙo maka damin dawa.

5/ Kwana biyun da na ambata, nan suka tafi. Abu ɗaya ne sigarsa ba ta dace ba, ni kuma ban iya karanta saƙon kuskure ba a lokacin. In gyara nan, can ya ɓalle. Ga data na ƙonewa.

6/ Dabarar killace manhaja a ɗakinta ita kaɗai tsohuwa ce. Unix ta samu chroot tun 1979. FreeBSD ta kawo nata salon a 2000. Injiniyoyin Google suka rubuta cgroups, ya shiga Linux a farkon 2008, LXC ta biyo baya a shekarar. Kayan aiki duk suna nan, amma sai gwanaye ke iya sarrafa su.

7/ Sai watan Maris na 2013. A taron PyCon a Santa Clara ta Amurka, Solomon Hykes na wani ƙaramin kamfani mai suna dotCloud ya samu minti biyar, ya nuna Docker. A ganina killacewar ba ita ce sabon abu ba. Sabon abu shi ne ƙunshin: manhaja da duk abin da take buƙata a ɗaure wuri guda, a ba shi suna, kowa ya ja. Wannan ƙunshin ake kira hoton kwantena.

8/ Sunan ma aro ne daga tashar jiragen ruwa. A Afrilun 1956 jirgin Malcom McLean, Ideal X, ya tashi daga Newark zuwa Houston da kwantena 58. Mai ɗaukar kaya ba ruwansa da abin da ke ciki, girman akwatin dai ɗaya ne.

9/ A Yunin 2014 aka buɗe Docker Hub, rumbun da ake ajiye hotunan. A 2015 manyan kamfanoni suka kafa OCI don a samu ƙa'ida guda, aka fitar da sigar farko ta ƙa'idar a Yulin 2017. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

10/ Daga nan ma'anar sakin siga ta canza. Masu nginx da HAProxy da FRR da ire-irensu, tushe kaɗai ya daina isar jama'a. Ana sa wa siga lamba, mutane za su fara tambaya: ina hoton? Sai aka ɗora wa injin gini aikin. Da an buga lambar, shi zai harhaɗa, ya gina na amd64 da na arm64, ya tura rumbu.

11/ Amma manhajar hanyar sadarwa ba kamar shafin yanar gizo ba ce, kuma nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Kwantena ba ta da zuciyar Linux tata, ta uwar na'ura take aro. Aikin zebra kuwa shi ne rubuta hanyoyi a cikin wannan zuciyar. Don haka dole ka ba kwantenar izini na musamman, irin su NET_ADMIN, wani lokacin har ka buɗe mata ƙofa gaba ɗaya.

12/ Ka tsaya ka yi tunani. Ƙunshin da ba kai ka ɗaure ba, ba ka buɗe ka duba ba, shi ka miƙa wa makullin hanyar da duk zirga-zirgarka ke bi. Shi ya sa tambayar wa ya gina hoton nan, kuma a rumbun wa yake, ta fi nauyi a wannan fage.

13/ Shekaru kusan kowa na ajiya a rumbu ɗaya, kyauta. Kyautar kuwa wani ke biyan kuɗinta. A Nuwamban 2020 Docker ta sa iyaka: wanda bai yi rajista ba, ja 100 cikin awa shida, mai asusun kyauta, 200. Na marasa rajista da adireshin IP ake ƙirgawa, mu kuwa masu datar waya, mutane da yawa ne ke fita ta adireshi ɗaya.

14/ Babbar girgizar ta zo a tsakiyar Maris na 2023. Docker ta aika wa masu asusun ƙungiya na kyauta saƙo: ku koma na kuɗi kafin 14 ga Afrilu, in ba haka ba a dakatar da asusun. Ayyukan sa-kai da yawa a irin wannan asusun suke.

15/ Kuɗin ba shi ne babban abin tsoron ba. Sunan ne. Adireshin hoto yana rubuce a dubban fayiloli a sabobin mutanen da masu manhajar ba su ma san da su ba. In sunan ya faɗi wani ya tsince shi ya ɗora nasa ƙunshin, duk waɗancan sabobin za su ja ba tare da tambaya ba. Ku haɗa wannan da na 12.

16/ Aka yi ca a kansu. Kamfanin ya nemi afuwa, ya ce ba zai saki sunayen ga wasu ba, kuma a ranar 24 ga Maris ya janye shirin ɗungurungum. Ni dai na yaba da janyewar. Amma an riga an farka.

17/ Nan ƙa'idar OCI ta yi rana. Tunda fasalin hoto ɗaya ne, ƙaura ba ta buƙatar sake gini, adireshi kawai za a canza. Ga quay.io na Red Hat, ga ghcr.io da GitHub ta buɗe a 2020. Kubernetes, bisa nata dalilan na kuɗin ɗaukar nauyi, ta daskarar da tsohon rumbunta a Afrilun 2023 ta koma registry.k8s.io, sunan da ke hannunta.

18/ FRR a yau a quay.io take fitar da hotunanta. Tsofaffin na Docker Hub kuma suna nan. Ka bi wani tsohon darasi ka kwafi adireshin, zai ja lafiya lau, ba kuskure ba gargaɗi, kana zaune da sigar shekarun baya.

19/ Ni ma na sha wannan, ta wata fuskar. Ina koya wa ɗalibai BGP, na rubuta latest a fayil ɗina maimakon lambar siga. Laftof ɗina na riƙe da wanda na ja tun tuni, nasu suka ja wani daban. Umarni ɗaya, sakamako biyu, ni kuma ina gaban aji ina zufa. Laifina ne. Laƙabi irin latest mai hoton na iya matsar da shi kowane lokaci, har lambar siga ma ana iya sake ɗora ta a kan wani ƙunshin.

20/ Abin da ba ya matsawa shi ne doguwar lambar sha256 da ake lissafowa daga abin da ke cikin hoton. Harafi ɗaya ya canza a ciki, lambar ta canza. Tun 2021 kuma ga Sigstore, da ke ba masu manhaja damar sa hannu a kan hoton, kai kuma ka tantance kafin ka kunna.

21/ Na buɗe fayil ɗin ƙanin nan nawa da daddare. Rautocinsa shida duk daga tsohon adireshin suke, kuma latest ya rubuta. Mun gyara tare, layi shida, ya sake ɗagawa. Wannan karon ya kai minti huɗu, don sai da ya sauke sabon hoton da datata.