Léon Lapeyssonnie, likitan da ya zana iyakar sanƙarau a Afirka

Léon Lapeyssonnie likitan sojan Faransa ne, an haife shi a birnin Montpellier a 1915, ya rasu a 2001. Ya fara aiki a Afirka ta Yamma a zamanin mulkin mallaka, cikin ayarin likitocin da ke bin ƙauyuka suna yaƙi da ciwon barci. Sai dai cutar da aka fi saninsa da ita, ita ce sanƙarau.

A 1963 ya wallafa dogon rahoto a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS. Ya tattara alƙaluman annobar shekaru da dama, ya ɗora su bisa taswirar ruwan sama. Sai ya ga cutar ta fi yin ɓarna a yankin da ke samun ruwa tsakanin milimita 300 da 1100 a shekara, kudu da Sahara. Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai duk suna ciki. Ya kuma nuna cewa tana tashi da hunturu, ta yi ƙamari cikin zafin bazara, ta lafa da zarar damina ta sauka. Tsofaffinmu sun san wannan tun da daɗewa. Abin da ya ƙara shi ne ƙididdiga da iyakoki, waɗanda suka ba hukumomi damar tanadin magani kafin lokacin ya zo. A yau ƙasashe 26 ake lissafawa a wannan yanki, daga Senegal zuwa Habasha, kuma masana na kiran sa da sunan likitan.

Ya dage kan neman magani na allura guda, domin ya san malamin asibiti ɗaya a ƙauye ba zai iya yi wa majinyata ɗaruruwa allura sau da yawa a rana ba. Daga baya ya haɗa hannu da Charles Mérieux wajen samar da allurar rigakafin nau'in A, wadda aka yi wa miliyoyin mutane a Barazil a 1975.

Waccan allura ba ta daɗewa a jiki, kuma ba ta kare jarirai sosai. Sai a 2010 aka kawo MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar, nau'in A ya kusan ɓacewa. Amma a 2015 nau'in C ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, a daidai watannin da rahoton 1963 ya nuna.