Intel da AMD: abin da tarihi ke gaya wa mai haɗa kwamfuta

Duk mai son haɗa kwamfutar tebur sai ya ci karo da tambayar nan: Intel ko AMD? Ni a ganina, tarihin kamfanonin biyu ya fi gardamar magoya baya ba da amsa.

Tsatsonsu ɗaya ne. Robert Noyce da Gordon Moore sun bar kamfanin Fairchild suka kafa Intel a 1968, Jerry Sanders ya fito daga can ya kafa AMD a 1969. Da IBM ta fitar da kwamfutarta a 1981 da furosesar Intel, wato ƙwaƙwalwar na'urar, sai ta ƙi dogara da maƙeri guda. Dole Intel ta ba AMD izinin ƙera irin kayanta a 1982. Kishiyar da take fama da ita yau, da hannunta ta shigo da ita gida.

Tun daga nan ake yi: yau gare ka, gobe ga ɗan'uwanka. AMD ta yi zarra da Athlon a 1999, Intel ta ƙwace kambun da Core 2 a 2006. Gina masana'antar furosesa na cin biliyoyin daloli, har nauyin ya sa AMD ta ware masana'antunta a 2009, ta koma zanawa kawai, wasu su ƙera mata.

Shekarun da AMD ta yi rauni, mu masu saye ne muka ji a jikinmu. Kusan shekara 10 i7 ta gama-gari ba ta wuce zukata huɗu ba, wato injinan lissafi huɗu a furosesa ɗaya. A 2017 Ryzen ta zo da takwas a kan dala 499, kusan rabin farashin takwararta ta Intel. Shekarar ba ta ƙare ba sai da Intel ta ƙara nata zuwa shida.

Sai kuma aka ji Intel ta maƙale wajen ƙanƙanta ƙirarta daga nanomita 14 zuwa 10. AMD kuwa ta kai aikinta TSMC, kamfanin da Morris Chang ya kafa a Taiwan a 1987, ta samu nanomita 7 a 2019. A 2024 ita kanta Intel ta ba TSMC ƙirar babban sashen sabuwar furosesarta ta tebur.

Wannan ya shafe mu, domin yawancin kayan da ke shigowa kasuwanninmu na hannu ne. Mai shago zai ce maka "i7 ce", alhali i7 ta 2013 ba ta kamo i5 ta 2021 ba. Shawarata: kada suna ya ruɗe ka. Tambayi shekarar da ta fito, ka duba ko gurbinta ya dace da allon da za ka ɗora ta, sannan ka yi ciniki. Kuma ka yi fatan kada ɗayansu ya faɗi, don ranar da kasuwa ta zama ta mutum ɗaya, aljihunka ne zai biya.