Ɗan Kurma Tsakanin Harshen Gida da na Makaranta a Ƙasar Kano

Hausa tana da kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa, watau kurma da bebe. Kurma shi ne wanda ba ya ji, bebe kuwa wanda ba ya magana. Dalilin cakuɗawar a fili yake: yaron da ya kurumce kafin bakinsa ya buɗe ba zai koyi furucin da bai taɓa ji ba, sai a wayi gari ana kiransa bebe alhali harshensa lafiya lau. A ƙasar Kano kuwa irin waɗannan yara ba kaɗan ba ne, domin ban da waɗanda aka haifa da lalurar, ƙyanda da sanƙarau sun daɗe suna barin yara da mataccen kunne. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, galibi a Arewa, cikin waɗanda suka tsira kuma akwai da dama da ba su sake ji ba.

Kafin zuwan makarantar boko, uwar da ta lura ɗanta ba ya waiwayowa in an kira shi takan fara da neman magani, daga rubutun sha zuwa hayaƙi, in ta kama har gidan masu iskoki. Idan aka gaji, sai a rungumi ƙaddara, daga nan kuma tarbiyya ta koma hannu. Uwa ce ke ƙirƙirar alamun farko, na ci da sha da barci da hani, 'yan'uwa su ɗauka su ƙara, har gidan ya sami ɗan harshensa. Da yaro ya tasa ya fara fita, sai ya haɗu da manyan bebaye a dandali ko bakin kasuwa, a can ne yake samun cikakken harshen da ake kira maganar hannu ko maganar bebaye. A gari irin Wudil, mai babbar kasuwar Juma'a da ke tara mutanen ƙauyuka daga kowace nahiya, kurman da shi kaɗai ne a ƙauyensu yana iya samun abokin hira ko da sau ɗaya a mako.

Abin lura shi ne, wannan harshe bai zama sirrin bebaye ba. Masu ji da yawa sun iya shi daidai gwargwado, suna ciniki da shi, suna barkwanci da shi, ba kuwa tare da jin wani nauyi ba. Saboda haka uba yakan koya wa ɗansa noma ko saƙa ko su ko ɗinki kamar sauran 'ya'yansa, tun da sana'a da ido ake ɗaukarta. Fiƙihun Malikiyya ya amince da ishara mai fahimtarwa a ciniki da aure, tsarin sarauta kuma ya tanadi Sarkin Bebaye kamar yadda ya tanadi Sarkin Makafi da na Guragu da na Kutare. Bai kamata a ƙawata wannan zamani fiye da kima ba: an yi wa bebaye tsokana, an tura wasu bara, kuma karatun allo, wanda ginshiƙinsa biyawa da baki ne, ya bar su a baya. Amma dai iyaye da ɗansu harshe ɗaya suke yi.

Ilmin kurame na zamani ta kudu ya shigo Nijeriya. Andrew Foster, wani baƙar fata ɗan Amurka, kurma kuma ɗan mishan, ya buɗe makaranta a Gana a 1957, sa'an nan a Ibadan a 1960, da harshen hannu na Amurka ya koyar. Ɗalibansa da ɗaliban ɗalibansa su ne suka zama malaman kurame a faɗin ƙasar. A Kano, shekara guda bayan ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta na 1976, aka buɗe makarantar Tudun Maliki ta kurame da makafi a 1977, shekarar da manufar ilmi ta ƙasa ta keɓe wa ilmin musamman sashensa. Alamun da malamai suka shigo da su aji na Amurka ne, kuma a kan Ingilishi aka gina su.

Alherin makarantar ba abin musu ba ne, domin ta samar da kurame masu karatu da rubutu, har da malamai. Sai dai ta ɗora wa iyaye wani zaɓi mai nauyi. Magidancin Wudil, wanda ke da tazarar kilomita arba'in ko sama da haka daga birni, ba shi da halin kai yaro da safe ya ɗauko da yamma. Ko dai ya rabu da shi tun yana ƙarami, ko ya bar shi ba karatu. Wanda ya daure ya kai, idan aka dawo hutu sai ya tarar ɗansa yana harhaɗa haruffan Ingilishi da yatsu, yana kiran ruwa da abinci da alamun da ba wanda ya sani a gidan. Yaro bai manta da maganar gida ba, amma ya fara ɗaukarta a matsayin ta marasa ilmi. Irin matsayin da boko ya taɓa ba Hausa a gaban Ingilishi ke nan, sai dai a nan ɓarnar ta fi zurfi, domin uwa ba ta da wata ƙofa ta biyu da za ta isa ga ɗanta. Malaman ba su da laifi sosai: su kansu Turawa, a taron Milan na 1880, sun yanke a kori harshen hannu daga makarantun kurame, kuma sai a 1960 William Stokoe ya nuna cewa harshen hannu na Amurka harshe ne mai tsarinsa. Wanda ya sha wahalar kare harshe ɗaya da wuya ya lura akwai wani a gabansa.

Masana Hausa ma sun makara. Sai a shekarun 1990 wata Bajamusa, Constanze Schmaling, ta zauna da bebayen Kano ta nazarci harshensu, littafinta Maganar Hannu ya fito a 2000. Ta nuna cewa alamun suna da sassan da ake gina su da su, watau siffar hannu da wurin da aka ajiye shi da motsinsa, har da yanayin fuska, kuma harshen ba Hausar baki ce aka juya zuwa yatsu ba. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar tarayya da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci, ta kuma tabbatar musu da haƙƙin ilmi. Amma a bakin hukuma da kafafen watsa labarai, idan an ce harshen hannu, mai tushe a Amurka ake nufi. Ƙananan littattafan koyon maganar hannu da bayanin Hausa, irin waɗanda uwa a Wudil za ta iya buɗewa, sun fara fitowa ne a Kano a 2011, na farkonsu kuwa a kan alamun iyali yake.