Dalilan da ke sa fitilar birki kamawa bayan an canza boris ɗin taya

Mai mota a Barnawa ko Sabon Tasha zai kai motarsa gareji saboda gurnanin da taya ke yi, a canza masa boris, gurnanin ya ɗauke. Kafin ya kai Kakuri sai ya ga wata fitila ta kama a gaban sitiyari, alhali da safe babu ita. Yawanci ba sabuwar matsala ba ce, daga aikin da aka yi ta samo asali.

Fitilun iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne abin fara dubawa. Mai ruwan ɗorawa da ke ɗauke da haruffan ABS tana nuna cewa na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi ta daina aiki. Birkin zai ci gaba da kamawa, amma a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, kamar titin Kachia a watan Agusta, mota na iya sulɓewa. Ja kuwa, mai alamar motsin rai a cikin da'ira ko kalmar BRAKE, tana nufin ba a sauke birkin hannu sosai ba, ko man birki ya yi ƙasa. Idan an sauke birkin hannu ba ta mutu ba, ko kuma duka biyun sun kama tare, a tsaya. A motoci da yawa hakan na nuna rabon ƙarfin birki tsakanin gaba da baya ya tsaya, tayoyin baya na iya ƙamewa.

Kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz ne suka fito da ABS na lantarki a motocinsu a 1978. Tsofaffin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a kamfanin PAN na Kakuri tun 1975 ba su da ita, shi ya sa makanikin da ya koyi aiki a kansu zai iya bugun boris da guduma ya zauna lafiya. Motocin yau ba sa lamuntar haka. Kowace taya tana da sensa da ke ƙirga juyawarta tana aika wa kwamfutar birki. A wasu motoci sensar tana karanta wani zobe mai haƙora a jikin shaf, a wasu kuma zoben na maganaɗisu ne, a ɓoye cikin murfin roba a gefe ɗaya na boris ɗin kansa. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 na cikin masu irin wannan a gaba.

Nan ne aka fi yin kuskure. Gefen maganaɗisun dole ya fuskanci sensa, wato ciki. Idan aka juya shi, taya za ta yi ta juyawa lafiya ƙalau, amma kwamfuta ba za ta ga motsinta ba, sai ta kunna fitila da zarar mota ta fara tafiya. Abin takaicin shi ne, fitar da boris da aka riga aka matse kan lalata shi, sai an sayi wani. Gwajin kuwa bai kai minti ɗaya ba: kafin a saka, a kusantar da ƙaramar allura ko ƙarfen maƙale takarda, gefen da ya ja shi shi ne na ciki. Akwai kuma boris mai araha da girmansa ya yi daidai amma babu maganaɗisu a jikinsa sam. Ya kamata a yi wannan gwaji tun a shagon mai kaya.

Sauran dalilan sun fi sauƙin gyara: soket ɗin sensa da aka manta ba a mayar ba, wayar da ta tsinke lokacin da aka ja ƙafar mota, kan sensa da guduma ta fasa, tsatsa ko garin ƙarfe da ya taru a bakinta, ko babban notin shaf da ba a ɗaure yadda ya kamata ba. Idan aka canza shaf tare da boris, a ƙirga haƙoran zoben sabon da na tsohon. Wata alamar rauni a sensa ita ce feda ta riƙa karkarwa a ƙarƙashin ƙafa lokacin da mota ke dab da tsayawa a busasshiyar hanya.

Jar fitila ita kaɗai bayan wannan aiki tana sa a duba tiyon man birki, domin wasu yaran gareji kan bar kan birki yana reto a jikinsa. A duba ko yana yoyo, a kuma cika irin man da aka rubuta a murfin tankin, DOT 3 ko DOT 4.

Maimakon canza kaya bisa hasashe, a jona wa motar kwamfuta ta soket mai ramuka 16 da ke ƙasan sitiyari, da na'urar da ke karanta ɓangaren ABS, domin ƙananan na'urori injin kawai suke gani. A yawancin Toyota, lambar C0200 na nuna tayar gaba ta dama, C0205 ta hagu. Idan aka ɗan zagaya da motar, tayar da ke nuna sifili alhali ukun na nuna gudu ita ce mai laifi.

Wasu kan cire ƙwan fitilar ko su liƙe ta da baƙin tef. Gane wannan ba wuya: duk lokacin da aka murɗa makulli, fitilar ABS kan kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, an taɓa ta. A yi wannan dubawa a gaban makaniki kafin a miƙa masa mota, a sake yi kafin a biya shi, sannan a ɗan yi tafiya tare da shi a ga ko za ta dawo.