Yadda talauci ya koya wa Toyota ganin ɓarna

1/ Jama'a ku matso, yau zaren tarihi ne. Akwai wata taswira da ake zanawa da fensir da takarda kawai, amma ta sauya yadda masana'antun duniya ke aiki. A aji aka koya mana ita, sai na bi asalinta.

2/ A 1950 Toyota ta kusa durƙushewa. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Japan cikin talauci, kuɗi sun ƙare, ma'aikata suka shiga yajin aiki, aka sallami fiye da dubu. Wanda ya kafa kamfanin, Kiichiro Toyoda, ya ajiye muƙaminsa.

3/ A shekarar, Eiji Toyoda ya ziyarci masana'antar Ford ta River Rouge a Amurka, ya ga ana ƙera dubban motoci kullum. Ita Toyota ba ta da kuɗin tara ƙarafa a sito, ba ta da kasuwar da za ta shanye wannan yawan. Dole ta nemi wata hanya.

4/ Nan Taiichi Ohno ya shigo, injiniyan da ya fara daga masaƙar iyalan Toyoda. Ya ce duk aikin da bai ƙara wa kaya daraja a idon mai saye ba, ɓarna ne. Da Japananci muda suke cewa.

5/ Ya ƙirga iri bakwai: ƙera fiye da buƙata, jira, jigilar kaya ba dalili, aikin da ya wuce kima, tara kaya a sito, kai-komon ma'aikaci, da kayan da suka fito da aibi. Ta farkon ya fi tsana, don ita ke haifar da sauran.

6/ Daga manyan shagunan Amurka ya ari dabara: sai an ɗauki kaya daga kanta ake cike gurbinsa. Ya ƙirƙiro kati mai suna kanban. Ba a ƙera komai sai sashen gaba ya aiko da katin cewa yana buƙata.

7/ To taswirar fa? A Toyota kan zana yadda kaya da bayanai ke tafiya, tun daga mai kawo ƙarfe har mai saye. Kowane mataki akwati ne, a rubuta daƙiƙun aikinsa. Tsakanin akwatuna kuma a rubuta kwana nawa kaya ke zaune suna jira.

8/ Mike Rother da John Shook suka yaɗa ta a littafinsu Learning to See. A misalin da suka bayar, ƙarfe yana kwana 23.6 a masana'anta, amma ainihin aikin da ake masa daƙiƙa 188 ne. Ku sake karantawa. Minti uku, cikin sati uku da ɗoriya!

9/ Wannan ne ya fi tsaya min a rai. In ka matsa wa ma'aikaci ya ninka sauri, minti ɗaya da rabi ka rage. Kwanakin suna nan daram, don a tsari suke.

10/ Ga hujja. General Motors ta rufe masana'antarta ta Fremont a California a 1982, wadda ta yi ƙaurin suna da munanan motoci. A 1984 aka sake buɗe ta tare da Toyota da sunan NUMMI, akasarin ma'aikatan na da ne. Ingancin motocin ya shiga sahun gaba a GM.

11/ John Krafcik, wanda ya yi aiki a can, shi ya raɗa wa tsarin suna lean a 1988, wato marar kitse.

12/ Amma fa rashin kitse yana da tsada. Girgizar ƙasar Japan ta 2011 ta katse kayan gyara, masana'antun Toyota suka tsaya saboda babu ajiya. Bayan nan kamfanin ya sa aka riƙa ajiye muhimman kaya irin su ƙananan na'urorin lantarki.

13/ Masu ɗinki, masu biredi, masu walda: ku ɗauki oda ɗaya, ku rubuta kowane matakinta da lokacin da ta zauna ba a taɓa ta ba. Ku turo min abin da kuka samu.