Matsin da Ke Ɓoye a Jikin Silikon

A farkon shekarun 1980, Roger Howe da malaminsa Richard Muller na Jami'ar Kalifoniya suka soma ƙera 'yan sanduna na silikon waɗanda gashin kai ya fi su kauri nesa ba kusa ba. Akan shimfiɗa silikon a kan wani abu, a narkar da na ƙasan da asid, sandar ta rage tana reto. A nan ne ciwon kan wannan sana'a yake: da zarar sanda ta sami sake, sai ta lanƙwashe sama, ko kuma ta gantsare a tsakiya.

Dalilin ba a ɓoye yake ba. A zafin digiri wajen 600 ake shimfiɗa irin wannan silikon, kuma yadda ƙwayoyinsa ke girma kan bar matsi a jikinsa. Ga kuma sanyaya: idan aka shimfiɗa alminiyam a kan silikon, alminiyam kan tsuke kusan ninki tara na silikon, amma an manne su, kowa na jan ɗan'uwansa. Wannan ragowar matsi kan sauya kaɗawar na'ura kamar yadda ɗaure fatar ganga ke sauya amonta. A na'urar da ke buɗe jakar iska a mota idan an yi karo, irin ADXL50 ta kamfanin Analog Devices, wannan ba abin wasa ba ne.

Tun 1909 George Stoney ya nuna yadda za a gano matsin daga lanƙwasar abin da aka yi shimfiɗar a kai, kuma har gobe ana amfani da lissafinsa. Henry Guckel na Jami'ar Wiskonsin kuwa ya zo da dabara mai daɗi: ya jera 'yan gadoji, wannan ta ɗara waccan tsawo, ya duba a madubin ƙara girma inda gantsarewa ta fara. Tsawon gadar da ta fara karkacewa shi ke faɗin matsin.

Sai kwamfuta ta shigo. Stephen Senturia na MIT ya jagoranci manhajar MEMCAD, wadda ta zama tushen kamfanin Coventor da Lam Research ya saya a 2017. Yau da COMSOL ko Ansys injiniya kan datsa siffar na'ura gunduwa-gunduwa, ya ga inda za ta lanƙwashe tun ba a kunna tanderu ba. Tsofaffin hannu ma suna da wayonsu: sukan shigar wa manhaja sauyin zafi na ƙarya, daidai wanda zai haifar da matsin da aka auna.

Wannan awon ne sababbin shiga kan manta, hotuna masu launi na manhaja suna ɗauke musu hankali. Manhaja ba ta san tanderun kowa ba. Adadin da aka ba ta shi take juyawa. Shi ya sa har yanzu masana'antu ke barin fili a kan faifan silikon don 'yan gadojin gwaji irin na Guckel.